Anselme Na Biyu

Gwaggona Ozéline Latulippe ta cika shekara tamanin da huɗu da abu ɗaya tokare a ƙirjinta: maganar da ake yi cewa kakanta Anselme tsintacce ne, babu asali. Ita kuwa ta rantse mu jinin gidan Marcoux ne. Latulippe laƙabi ne kawai da aka yi wa kakan kakanni a soja, wani reshe ya riƙe sunan, namu ya riƙe laƙabin.

Da aka ce zuri'ar Marcoux za su kafa dutse a gonar gado da ke bakin kogi, a sassaƙa sunan kowane reshe, sai ta ce in kai ta wurin Rosaire Marcoux, mai riƙe da tarihin zuri'ar. Ni tun asali jinina bai haɗu da mutumin ba. Yana magana kamar shi ya tuƙo jirgin ruwan da ya kawo kakanninmu.

"Ayya, Baba, kin sha wahalar banza," in ji shi. "Na duba kundin coci da idona. Akwai Joseph Anselme Marcoux, mai laƙabi Latulippe, amma watansa biyu ya rasu. Sai dai in a cikin zanin goyo ya haifi babanki."

Dariyarsa ta ƙona min rai. Sai da muka shiga mota Gwaggo ta ce, "Ghislaine, juya kan motar nan zuwa coci."

Fada, limamin cocin, ya fito mana da kundin, wani jibgege mai warin ƙasa. Kowane namiji a ciki Joseph, kowace mace Marie, har idona ya fara ruwa. Na sami shafin, kuma gaskiyar Rosaire ce: an yi wa jaririn baftisma a Maris, an binne shi a Mayu. Na juya wurin Gwaggo.

"Gwaggo, mu haƙura mu tafi."

"Ke dai akwai gajen haƙuri! Ni sunan wa gare ni? Ba na yayata da ta rasu kafin a haife ni ba? Mutanenmu ba sa barin suna ya kwana a kabari. Buɗe gaba."

Na buɗe shekara ɗaya, babu. Na ƙara wata. Can ƙasan shafi sai ga shi: Joseph Anselme, uba ɗaya, uwa ɗaya, wata ashirin bayan na farkon. Rosaire ya ga mutuwa ya rufe littafi, bai san an mayar da sunan ba.

Gwaggo ta ɗora yatsa a kan rubutun, ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Da aka nuna wa Rosaire shafin, dole ya yarda aka sassaƙa sunan Anselme a matsayin reshenmu.

Ranar buɗe dutsen, gona ta cika maƙil, ana ta zuba miyar wake. Rosaire ya karanto sunayen rassa, da ya iso namu sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Ɗaga murya, ɗan'uwana!" in ji Gwaggo daga kujerar gaba. "Kunnena ya tsufa, kuma shekara tamanin nake jiran in ji."

Dole ya maimaita, wannan karon har mutanen baya suka ji. Gwaggo ta miƙe ba sanda, ta taka har gaban dutsen, ta shafa sunan kakanta da tafin hannu.