Bindigar da Ta Sha Jinin Sanusi

"Ƙarfe ne fa, Baban Humaira, ba riga ba. Riga ce idan tela ya buɗa ta za a iya sake tsukewa."

"Ki zauna mana in yi miki bayani," in ji Sanusi, yana gyara zaman baƙin tabarau a fuskarsa, alhali a cikin falo suke, kuma a waje ruwa ake tsugawa.

Zinatu ba ta zauna ba. Jiya-jiya ta dawo daga Kano wajen sayayyar kayan ɗakin 'yarsu, yau da safe ta buɗe akwatin ƙarfen da ke manne da bango don ta shafa wa bindigar farautarta mai, sai ta ga sabon hatimi a jikin bututun. Ta leƙa gurbin harsashi ta tarar an faɗaɗa shi. Wato tana juya baya, mijin nata ya ɗauki bindigar ya kai wa maƙeri, aka rarake mata ciki don ta riƙa ɗaukar babban harsashi.

Ita Zinatu 'yar Sarkin Baka ce daga Ningi, tun tana yarinya ta san warin albarushi. Da suka zauna a unguwar Woolwich ta London ba ta huta ba sai da ta samu lasisi, wani manomi a Kent da bareyi suka addabi gonarsa ya ba ta izinin farauta. Sanusi kuwa mai karanta labarai ne a rediyo, ga murya kamar zuma. Shi ma ya bi sahu ya yi lasisin, aka sa sunansa a kan bindigar. Ya sha fita farauta, kuma har yau bareyin Kent suna nan lafiya ƙalau.

"Komai bisa doka na yi," in ji shi. "'Yan sanda sun amince, an kai ta gidan gwaji an buga hatimi. Na ma yi booking a Scotland. Jar barewa, Zinatu, namiji, ƙahonsa kamar reshen tsamiya. Ƙaramin harsashinki cakulkuli kawai zai yi masa."

"Kuma kai za ka harbo?"

"Na riga na faɗa a masallaci."

Abin da ya fi cin ranta ke nan. A gidan ubanta ba a aurar da 'ya sai an ci kilishin naman da aka harbo da hannun gida, kuma ta yi wa Humaira alkawari. Ga biki ya matso. Bindigar da ta sani kamar tafin hannunta ta tafi, an bar mata baƙuwa. Idan saiti ya kuskure, dabba ta gudu da rauni ta mutu a daji ba a gan ta ba, ta tashi daga nama ta koma mushe.

Ana haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Hajiya Katumi ce, maƙwabciyarsu 'yar zangon Kumasi, wai ta zo aron rariya. Bangon gidajen haya na council ai ba ya riƙe magana.

"Sannu da zuwa, 'yar'uwa," ta ce wa Zinatu, amma idonta na kan Sanusi. "Yaya Sanusi, ido ya yi sauƙi? Mutane na cewa matanka ne ya buga ka. Ni na ce musu ƙarya ne, shi yana Kano lokacin."

"Wane ido?" in ji Zinatu.

Ta miƙa hannu ta zare tabarau ɗin kafin ya kauce. A saman girarsa ta dama akwai yanka kamar jinjirin wata, an ɗinke, kewayen idon ya yi baƙi-ƙirin.

"Ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa ce ta buge ni," in ji Sanusi.

"Ƙofan yana cikin waya na," in ji Katumi, har ta riga ta ciro wayar. Ashe abokin da ya raka shi filin gwajin harbi ya ɗauki bidiyo, ya tura wa matarsa, ita kuma ta tausaya wa duk matan Woolwich da Catford, ta tura musu.

Zinatu ta karɓa. Ga Sanusi nan kwance rub da ciki, ya manna ido a madubin hange kamar mai leƙen tukunyar wani, gindin bindigar ko kafaɗarsa bai taɓa sosai ba. Ya ja kunama. Bindigar ta yi tsalle da baya, madubin ya sumbaci girarsa, hularsa ta yi gefe.

Katumi ta riƙe ciki tana dariya. Zinatu kuwa ba hular take kallo ba. Ta mayar da bidiyon baya, ta ƙara sauti, ta sake saurara. Ƙarar mai nauyi ce, daga ciki take fitowa, irin wadda take ji tana yarinya idan ubanta ya fita wa ɓauna. Ta ajiye wayar, ta tabbatar ba komai a cikin bindigar, ta ɗora ta a kafaɗa ta matse gam, ta auna ƙusar da ke bango. Nauyin na nan yadda ta san shi, kunamar ma tata ce. Cikin kawai aka canza, kuma fita biyu ko uku a filin gwaji za su saba.

"Maƙerin nan ya iya aiki," ta ce a hankali. "Wace rana ka yi booking ɗin?"

Fuskar Sanusi ta washe. "Kin gani ko? Ai na gaya miki. Idan na kwanta masa a bayan dutse..."

"Kai ba za ka kwanta ko'ina ba, Malam. Ka san ƙa'idar gidanmu. Wanda bindiga ta sha jininsa ya gama ɗaukarta, sai dai ya ɗauki nama. Kawu Ɗanjuma ma haka ya ƙare, kuma ya yi suna a jan naman farauta."

"Wannan ƙa'idar Ningi ce. Nan London ne."

"Bindigar ba ta san haka ba. Katumi, kina da manyan farantan nan na oven? Kilishin jar barewa sai mun haɗa gida biyu. A nemo ƙuli-ƙuli mai kyau, da citta, da kanumfari. Ke, ƙahon nan a ƙofar zauren biki zan sa a kafa shi."

"To ni me zan ce wa mutanen masallaci?"

"Ka ce kai ka gyara bindigar. Gaskiya ce ai. Ka kuma nemi takalman roba masu tsawo, an ce dutsen can da santsi, namijin kuma ya fi ka nauyi."

"Kar ka damu, Yaya," in ji Katumi. "Masallaci duka ya ga bidiyo. Liman ma ya ce a sake tura masa, nasa ya goge."

Sanusi ya dubi matarsa, ta rungume bindigar tana murmushi kamar an ba ta jika. Ya fizgi tabarau ɗinsa daga kan kujera, ya manta da lema, ya fita ya buga ƙofar har rariyar da Katumi ta zo aro ta faɗo daga ƙusa.