Takardar Yabon Hansai

Malama Mastura ta shekara goma sha tara tana koyarwa kafin a ba ta shugabancin firamaren gwamnati da ke bayan layin dogo a Agege. A duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa rubuta wa uban yaro takarda ba sai in yaron ya fasa taga ko ya fasa kan wani. Haka ta tarar ana yi, haka ta ci gaba da yi.

Sai ga shekarar 2001. Sojoji sun koma bariki, aka fara tunawa da cewa akwai makarantu. Wata jami'a ta haɗa hannu da hukumar ilimi ta yankin, aka zaɓi shugabannin makarantu ashirin ana tara su duk Asabar ana koya musu shugabanci. Mastura ta je ranar farko fuska a ɗaure, don a ganinta wanda bai taɓa raba faɗa a ajin yara saba'in ba ba shi da abin da zai koya mata. Amma malamar da aka haɗa ta da ita, Dakta Oyebisi, ba ta bar mata wurin ajiye fushin ba. Siririya ce mai farin gilashi, tambayarta ta fi bayaninta yawa, kuma kowace Laraba sai ta hau motar haya ta danfo ta zo makarantar da ƙafarta, ta zauna a bencin baya kamar 'yar aji uku. Kafin wata biyu Mastura ta fara ajiye mata ƙosai.

Ita Daktar ce ta kawo shawarar takardar yabo.

"Iyayen nan ba sa jin ɗuriyarku sai an yi ɓarna," in ji ta. "Zaɓi yara goma da suka yi ƙoƙari, ki rubuta wa iyayensu, ki gayyace su su zo a gode musu."

Maganar ta shiga ran Mastura. Da hannunta ta buga takardun a tsohuwar tafiretar ofis, ta sa kowace a ambulan, ta liƙe, ta danna hatimin makaranta a baya har sau biyu don abin ya yi kwarjini. Ta farko ta Hansai ce, 'yar aji biyar da ba ta da na biyu a lissafi, 'yar wani maigadi mutumin Nijar mai suna Souleymane. Don ta ƙara wa abin armashi sai ta ce wa yarinyar, "Kada ki kuskura ki buɗe. Ki ba babanki hannu da hannu."

Ran Alhamis ke nan. Juma'a ba Hansai, Litinin ba Hansai, Talata ba Hansai. Ran Laraba da safe malamar ajinsu, Malama Rahila, ta shigo ofis da labarin da ta samo wajen maƙwabta: Souleymane ya samar wa matarsa da 'yarsa wuri a wata tirela da za ta tashi daga Apapa ran Juma'a, za a mai da su ƙauyensu can gaba da Maraɗi. Ƙauyen kuwa ba makaranta.

Mastura ta hau faɗa. Yarinya mai kai irin wannan a ɗauke ta ana saura shekara ɗaya ta gama? Ta yi ta zazzaga wa mutumin da ba ya wurin, Dakta Oyebisi na zaune tana cin ƙosanta. Da ta tsagaita don ta ja numfashi, Daktar ta ce, "Wa ya karanta masa takardar?"

Nan take Mastura ta gane. Kunya ta kama ta tun daga tafin ƙafa. Ita fa 'yar fataken goro ce, a Agegen nan aka yanke mata cibiya. Ta sha ganin mahaifinta, Allah ya jiƙansa, yana tura takarda mai hatimi ƙarƙashin tabarma da sandarsa, ba ya ma son taɓa ta. Yau ga shi ilimin ranar Asabar ya sa ta manta da na gidansu.

Bayan la'asar ita da Daktar suka hau baburan okada biyu zuwa Oko-Oba. Tun daga nesa warin fata ya tare su. Souleymane na zaune a benci a ƙofar siton fatun da yake gadi, dogo, ramamme, ga jakunkuna uku an ɗaɗɗaure a bakin ɗakinsa. Da ya hango mata biyu, ɗaya rungume da fayil, sai ya miƙe a hankali.

"Dakta, abeg, sa fayil ɗin nan a jaka," Mastura ta raɗa mata.

Ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali, ta tambayi labarin damina a gida. Yana amsawa idonsa na kan jakar. Sai ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, albishirinka."

Ya sake kallon jakar. Amma bakin Bahaushe ba ya iya barin wannan kalma a ƙasa. "Goro," ya ce, muryarsa ciki-ciki.

"Fari ko ja?"

"Fari."

"Hansai ta fi kowa a ajinsu. Abin da ke cikin takardar nan ke nan, ba wani abu ba. Laifina ne da na aiko maka da takarda maimakon in tako da ƙafata."

Ya koma ya zauna. Ya zura hannu a aljihun gaba ya zaro ambulan ɗin. Yana nan a liƙe, gumi ya jiƙa gefensa.

"Hajiya, ni takarda mai wannan tambari sau guda aka taɓa ba ni," in ji shi. "Shekarar da anka kori baƙi, ina saurayi. Kwana huɗu muka yi tsaye cikin mota. Da ɗiyata ta kawo wagga, na ce to, lakwal, makarantar taku, ta gano mu ba 'yan ƙasa ba ne, ana kira na in kai kaina. Na hana ta buɗewa. Ban nuna ma kowa ba, kada magana ta fita. Na ce ni in an kama ni ba komi, su dai su isa gida."

Mastura ta ji idonta ya cika. Ta juya tana fassara wa Daktar da Yarbanci, don ta samu inda za ta kai fuskarta. Daktar ta cire gilashinta ta riƙe a hannu.

"Ni na kawo shawarar," ta ce a hankali. "A littattafanmu ba a rubuta wannan ba. Ran Asabar ke za ki tsaya gaban allo, ni zan zauna."

Aka kira Hansai. Ta fito daga bayan labule idanu a kumbure, uwarta na leƙe ta bayanta. Uban ya miƙa mata ambulan ɗin da hannu biyu. Ta yage bakinsa, ta karanta da Turanci layi-layi, tana mayarwa da Hausa. Da ta zo inda aka ce makaranta na gode wa Malam Souleymane saboda tarbiyyar da ya yi wa 'yarsa, sai ya ɗaga hannu.

"Sake wurin nan."

Ta sake.

"Sunana ne a ciki?"

Ta ɗora yatsa a wurin. Ya sunkuya ya kalli baƙaƙen da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, ya daɗe yana kallo.

Daga nan ya laluba aljihu ya fito da goro ƙwaya ɗaya, ja ne ma ba fari ba, ya ɓare shi biyu ya ba kowace ɓari, tukuicin albishir. Dakta Oyebisi, wadda ba ta cin goro, ta tauna nata tana yatsine fuska har ta cinye. A bakin ɗaki uwar Hansai ta durƙusa ta fara kwance igiyar jaka ta farko, tana neman kayan makaranta.

Ya rako su har bakin titi. Mastura ta riga ta ɗora ƙafa a kan okada sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Hajiya, shekara biyar nike rako ta kullum da safe, ina tsayawa tsallaken hanya har in ga ta shige. Ta wace ƙofa iyaye ke shiga?"

"Ƙofa ɗaya ce, Malam," in ji Mastura. "Gobe ƙarfe takwas za ka same ni tsaye a bakinta."