Mai Shiga Rumbu

Shekarar da fara ta cinye gero tun yana tsaye, aka ɗora Biba kan jaki daga Tama zuwa Tamaske, aka ba gwaggonta Mairamu riƙonta. Ubanta ya rasu, uwarta Rabi'atu na da goyo, tuwo ba ya kai wa kowa. Shekarunta shida a lokacin. Yanzu tara, kuma a gidan nan ita ce mai shiga rumbu.

Rumbun Mairamu ƙato ne, na laka, bakinsa can sama an kife shi da murfin ciyawa. Yaro ake zurawa da igiya ya miƙo hatsi. Masu riƙe igiyar kuwa Altine da Isaka ne, 'ya'yan Mairamu. Sai su zura ta, su karɓi gero, su janye igiya, su mayar da murfi, su yi tafiyarsu. Wata rana har a gama daka kafin a tuna da ita.

A ciki duhu ne da zafi da ƙaiƙayin gero. Da farko takan yi ihu har murya ta dushe. Sau ɗaya ta kai ƙara, Mairamu ta yi dariya ta ce, "Taubasanki na, wasa na. Wa ka hushi da taubashi?" To, an rufe magana ke nan. In an ce wasa ne, ko fata ta saɓule ba ka da bakin kuka.

A duhun nan ta koyi cisge gashinta, sili-sili, don zafin cisgar yakan rage mata tsoro. Daga baya hannun ya saba, ko a waje bai bari ba. Tsakiyar kanta ta koma fili kamar tafin hannu, ta rufe da kallabi. Magana ta ƙaurace mata. In ta ga igiya, ko ta guga ce, jikinta sai ɓari. Aka ce iska ce, aka ba ta rubutu ta sha, gari ya waye aka sake zura ta.

Abu ɗaya take so a duniya, a mayar da ita Tama.

Sai Mairamu ta haihu, aka ce Rabi'atu za ta zo suna. Biba ta san ita 'yar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta yi mata magana a gaban mutane. Kunya ke nan, kowa ya san haka. Amma ai kunya ba ta makantar da mutum. Ta ƙudurta a ranta, ba sai ta ce komai ba, za ta nuna kawai.

Ranar suna mata sun cika tsakar gida. Biba ta kawo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa gaban uwarta, ta ajiye, sannan ta zare kallabinta ta sunkuyar da kai.

Hira ta tsaya. Rabi'atu ta gani. Wallahi ta gani, don ƙwaryar da ta ɗauka sai da ruwa ya zube mata a zane. Sai ta kau da fuska, ta kafa wa bango ido.

"Ƙwarƙwata ta," in ji Mairamu da sauri. Ta ji kunyar baƙi, sai ta juya abin raha. "Rabi, kin ga ɗiyakki ta lalace hannuna. In kina so, ki tahi da abinki."

Biba ta ɗago kai. Ga ƙofa an buɗe, kalma ɗaya ta rage. Mata duka suka zuba wa Rabi'atu ido, suna jira su ga ko za ta yi abin faɗa, ta nuna son 'yar fari a gaban dangin miji.

 Rabi'atu ta ce, "Ni ina da wata ɗiya nan? Taki ta, Yaya."

Mata suka yi guɗa. Wata tsohuwa ta ce, "Wagga ta san kunya! Haka munka taras."

Aka yi ta yabon Rabi'atu har la'asar, ita kuwa ko lomar tuwo ta kasa kaiwa baki. Washegari ta hau jaki, ba ta waiwayo ba. Biba na tsaye bakin zaure tana kallo har jakin ya shige bayan duwatsu. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta ji haushin uwarta ba. Abin da ta ji shi ne babu sauran wanda za ta jira.

Daga cikin gida Mairamu ta ɗaga murya, "Baƙi sun cinye garin tuwo. A ɗebo hatsi!"

Biba ta juya. Isaka na tsaye gindin rumbu, yana warware igiya.