Wanda Zai Gaji Sunan Kaka Mór

Da muka dawo daga binne Kaka Mór, mahaifin Baba, Mama ta rufe madubin falo da zanen gado, Baba ya zauna a 'yar guntuwar kujera kamar yadda masu makoki ke yi, ni kuma na shiga ɓare dafaffen ƙwai ina kuka. Ina da saurin kuka. Ko jirgin ruwa na gani yana wucewa a kan kogin Duna da yamma, sai idona ya cika.

Ƙanena bai yi kuka ba. Shekararsa goma sha biyar, kuma shekara guda ke nan ba shi da suna.

Da aka haife shi an ce mace ce, aka sa masa Rebeka. Bara ya zaunar da Mama da Baba a kicin ya ce musu shi namiji ne. Mama ta yi kwana biyu tana goge tukwanen da ba su da datti, sannan ta kai shi wurin mai aski. Baba ya saya masa 'yar hular salla, ya ajiye masa a kan gado. Amma duk lokacin da aka tambaye shi sunan da yake so, sai ya ce tukuna. A gida muna ce masa "kai". A makarantar Yahudawa da yake zuwa, Malam Tibor mai koyar da addini yana kiransa Weisz, sunan gidanmu, kamar soja.

A rana ta uku ta zaman makoki Gwaggo Ágnes ta ɗora hannu a kan cikin 'yarta Lilla, ta ce, "Likita ya ce namiji ne. Allah ya ɗauki Mór, ga wani Mór a hanya."

Kowa ya gyaɗa kai. A wurinmu ba a sa wa yaro sunan mai rai, sai mutum ya mutu sunansa ke samun mai ɗauka.

Ƙanena ya ajiye farantin da ke hannunsa.

"Ni nake son sunan," ya ce.

Gwaggo ta dube shi ta saman tabarau. "Rebeka, 'yar nan, suna ba rigar sanyi ba ne da za ki ciro a kabad ɗin mamaci."

"Ba Rebeka ba ne, Ági," in ji Mama, tana kiran Gwaggo da sunanta na gida.

"To wane ne?"

"Abin da ake magana a kai ke nan."

Gwaggo ta juya wurin Baba. "Péter, ubanka ne. Za ka zauna kamar buhun dankali?"

Baba ya ce, "Ai makoki nake, zama aka ce in yi."

A daidai nan Malam Tibor ya shigo gaisuwa, da tiren flódni, wani irin kek da matarsa ta gasa. Dogo ne siriri, kullum kamar wanda aka tayar daga barci. Gwaggo ta tare shi kafin ya cire kwat.

"Malam, kai ne mai littattafai. Gaya mata. Suna na jariri ne."

Malam Tibor ya ajiye tiren. "A ajina akwai Dávid huɗu, Gwaggo, uku kakansu ɗaya. Har yau sunan bai ƙare ba."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

"Na sani." Ya juya wurin ƙanena. "Weisz, shekara guda ina jiran ka ba ni abin da zan kira ka. Wannan kake jira?"

Ƙanena ya sunkuyar da kai. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na daina tauna.

"Tun farko shi nake so. Amma yana da rai. In na ce ina so, kamar na ce ya mutu ne. Kullum in je asibiti ina roƙon Allah ya ba shi lafiya, kuma ina tsoron ko Allah ya san abin da ke raina."

Na so in faɗi a ƙasa in rungume ƙafafunsa. Amma ina riƙe da ƙwai a hannu, sai na tsaya.

Malam Tibor ya ce, "Shekararsa tamanin da takwas, yana shan taba tun kafin a haifi babanka. Ba kai ba ne."

Baba ya share hanci, ya ce, "In don ta ni ne, ɗana ya ɗauka. Amma ba ni na fi kowa amfani da sunan ba."

Duka muka waiwaya wurin taga, inda Kaka Ilona, matar Kaka Mór, ke zaune. Tun ranar jana'iza ba ta yi magana ba. Ita da mijinta sun shekara hamsin da wani abu suna faɗa a kan taga: shi ya buɗe, ita ta ce sanyi.

Ta daɗe tana kallon ƙanena, daga askin kansa har takalmi.

"Kana shan taba?"

"A'a, Kaka."

"Kana minshari?"

"Yana yi," na ce.

Ta yi tsaki. "Ági, jikanki ya ɗauka shi ma, wa ya hana shi? Amma sai ya shekara nawa kafin ya san ana yi masa faɗa? Ni ba ni da wannan lokacin."

Gwaggo ta ɗauki flódni mafi girma a tiren.

Da la'asar mutane suka cika falon don addu'a, zafi ya yi yawa, ƙanena ya je ya buɗe taga. Ban sani ba ko da gangan ya yi.

"Mór!" Muryar Kaka ta tsaga ɗakin, har Baba ya zabura daga kujerarsa. "So kake ka kashe ni? Rufe tagar nan!"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya tsaya riƙe da marfin tagar, bai rufe ba, sai da ta sake kira.