Itace a Wurin Aro

Rahmatu na tsaye kan kifaffen turmi tana tsinko zogale lokacin da baƙar mota ta kunno kai cikin gidan. Alhaji Maiwada ne, wan marigayi mijinta, mai gidan da take zaune a ciki. Ya fito ya tsaya dafe da ƙofar mota, yana bin farfajiyar da kallo kamar wanda ya yi ɓatan hanya.

Dole ya yi mamaki. Da ya gina wannan ƙaton gida a Makarfi, ciyawar ado ya sa aka shimfiɗa tun daga get har ƙofar falo, irin wadda ko akuya ba a bari ta sansana. Ya kulle ya koma Kaduna. Da ƙanensa ya rasu, bayan jinya ta cinye gonarsa ta Dandamisa, sai ya ce Rahmatu ta shiga ɗakin baya da 'ya'yanta, ta riƙa kula da gida. Zancen abinci kuwa bai taso da shi ba, ita ma kunya ta hana ta tambaya.

Famfon gidan ya lalace, ciyawar ta ƙone ƙurmus. Rahmatu ta dubi ƙasa kwance a banza, ta dubi yaranta, ta ɗauki fartanya. Zogale ta fara cakawa, sai gwanda, gwaiba da mangwaro, ƙarƙashinsu rama da yakuwa. Ko ruwan wanke-wanke ba ta zubarwa sai a gindin wani abu. Tun daga nan tuwonta bai ƙara rasa miya ba.

Ta durƙusa har ƙasa. "Sannu da zuwa, Yaya Alhaji. An zo lafiya? Ya Hajiya da yara?"

"Lafiya lau. Wa ya ba ki izinin dashe?"

"Gani na yi wurin yana zaune haka kawai..."

"Da masara kika shuka, ko gyaɗa, da ban ce uffan ba. A girbe a tashi. Amma itace? A wurin aro?"

Kowa a ƙasar nan ya san wanda aka ara wa wuri ba ya dasa itace, domin itace shaida ne, wata rana 'ya'yansa za su nuna shi su ce wurin nasu ne. Rahmatu ta san haka sarai. Ita dai ta ɗauka gona ake nufi, ba tsakar gidan ɗan'uwa ba.

"Wallahi Yaya, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Abin miya kawai nake nema wa marayun nan."

"Ke ba ki kawo ba. Su fa, in sun girma?" Ya gyara zaman hularsa. "Ba korar ki na yi ba, ɗakinki yana nan."

*

Da hantsi washegari Barnaba mai yankan itace ya shigo da injinsa a kafaɗa. Maƙwabci ne, matarsa ta sha ɗibar yakuwa a gidan. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Maman Firdausi, ki yi haƙuri. Aiki aka ba ni."

"Yi aikinka, Barnaba. Ka dai bari in kaɗo gwandar nan tukuna."

Ɗanya ce shar, amma ta kaɗo. Ta daure ta ga faɗuwar gwaiba. Da aka zo kan mangwaron, wanda sai bana ya fara fure, ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka. Tun rasuwar mijinta ba ta ji maraici irin na ranar ba.

Kafin ya tafi, Barnaba ya daddatse rassan zogalen ya ɗaure mata dami guda. "Ajiye wannan. Duk inda kika caka shi zai kama."

*

Mota ta kawo sabuwar ciyawa, aka gyara famfo cikin yini ɗaya. Alhaji ya koma Kaduna bayan ya bar sallahu: a riƙa ba ciyawa ruwa safe da yamma, kada ta sake mutuwa.

Rahmatu ta ɗauki damin ta shiga unguwa. Duk gefen katangar da ta hango, da mai shi. Ta je wajen Malam Salman, dattijon da ke da kango a bayansu, ta gaishe shi ta faɗi buƙatarta.

"Ki zuba alayyafo in kina so, 'yata," in ji shi cikin tausayi. "Amma ban da itace. Kin san halin mutane."

Ta dawo ta jingine damin a bayan ɗaki, tana yayyafa masa ruwa ko Allah zai kawo mafita.

Wata yamma tana tsaye riƙe da tiyo, ruwa na kwarara kan ciyawar da ta yi kore shar, babbar 'yarta Firdausi ta leƙo daga madafa.

"Inna, itacen wuta ya ƙare."

Rahmatu ta ajiye tiyon ta zaga bayan ɗaki. Ta zaro reshe ɗaya ta tanƙwara, ya karye ƙaras, babu sauran danshi a cikinsa. Ta kwance igiyar ta miƙa wa yarinyar damin gaba ɗaya.