Wanda Ke Kiran Gidan Maman Ayele

Edem mai shagon intanet na bayan kasuwar Be shi ya hana a yi wa Tetevi jana'iza. Ko da saninsa ko babu, shi ne, kuma duk Lome babu wanda zai canja wa Maman Ayele wannan magana.

Ta sauka daga kan acaba da warin kifin banda a jikin zanenta, ta tsaya tana kallon ƙofar shagon. Nan ne wurin da wata ma'aikaciyar ofishin waya, mai sayen kifi a hannunta, ta kwatanta mata. Ta ce daga layin shagon nan ake kiran gidanta.

Tetevi ɗanta ne, masunci. Kwale-kwalensu ya kife a teku, ruwa ya turo gawar abokan aikinsa, tasa ba a gani ba. Dangi suka taho daga Aneho, aka shirya binne rigarsa a madadinsa. Ana jibi jana'iza, wayar falo, wadda shi da kansa ya sa aka ja musu, ta fara ƙara. Maman Ayele ta ɗauka. Babu magana. Sai wani dogon fito siriri, sannan gurnani kamar na mai shaƙar ruwa, sannan shuuu, layi ya katse. Can an jima aka sake. Kullum haka, daga hantsi zuwa yamma. Ranar Lahadi kuwa tsit, kuma kowa ya san Tetevi ba ya wasa da coci.

Ta sallami dangi, ta ce ba za a binne mai rai ba. Ta tuɓe wa Dede, matar Tetevi, baƙaƙen kayan takaba, ta zaunar da ita gefen waya. Atsu, ƙanen Maman Ayele, ya ce ta zare. Ta ce ya fita mata daga gida.

Ta tura ƙofar shagon. Ciki duhu-duhu, labule a sauke, kwamfutoci jere a kunne suna haska kujerun da babu kowa a kansu. Wani mutum ya leƙo daga ƙarƙashin tebur, igiyar waya rataye a wuyansa.

"Maman, ba ma aiki. Layi ya ƙi."

"Kai ne Edem?"

"Ni ne."

"Ina ɗana?"

Ya dube ta, ya dubi bayanta. "Wane ɗa kuma? Tun makon jiya ko ƙuda bai shigo nan ba."

"Kada ka raina mini hankali, na haifi wanda ya girme ka. Daga nan yake kirana. Ko dai ɓoye shi kuka yi, ko kun rufe masa baki."

"Maman, ni babu wanda nake kira. Ga abin da ke kira." Ya nuna wani ƙaramin akwati mai jajayen fitilu a kan tebur. "Modem ke nan. Shi ke haɗa kwamfuta da kamfanin intanet ta layin waya. Tun da na sa wa babbar kwamfutar sabon tsari ya daina kamawa. Na canja igiya, na ari wani akwatin, na cire manhajar da ke sarrafa shi na mayar, na je kamfanin sun ce nasu lafiya lau. Sai na bar shi yana ta gwadawa da kansa, ko Allah zai sa."

"Lahadi fa?"

"Lahadi a rufe muke."

Maman Ayele ta ja kujera ta zauna ba tare da an ba ta ba.

"Sa shi ya kira in ji."

"Na kashe masa murya, ƙararsa na damuna."

"Kunna."

Ya taɓa nan ya taɓa can. Akwatin ya yi 'yan ƙananan ƙararraki na danna lamba, sannan aka ji waya tana ringi a wani wuri mai nisa. Aka ɗauka tun kafin ta yi na biyu.

"Tetevi?"

Muryar mace ce, ƙarama, a dishe, tana fitowa daga cikin akwatin. Edem ya ja da baya har ya ture kujera.

"Tetevi, ni ce Dede. Maman ta tafi nemanka. Ka yi magana ko kalma ɗaya ce, ba zan yi faɗa ba."

Sai akwatin ya amsa mata. Fiton nan siriri, gurnanin nan na ruwa, shuuu ɗin nan, duk suka cika shagon. A ƙarƙashinsu ana jin Dede tana cewa, "Ina jinka. Ina jinka, ci gaba." Layi ya katse.

Edem ya zauna gaban kwamfutar. Ya buɗe wurin da ake tsara kira, wurin da bai taɓa leƙawa ba saboda ya tabbata lambar kamfanin daidai take. Ya daɗe yana kallo.

"Lokacin da nake sa sabon tsarin, ya tambayi lambar fita waje, irin ta manyan ofisoshi," in ji shi a hankali. "Ban karanta ba, na danna biyu don ya wuce. Shi ke nan yake liƙa biyu a gaban lambar kamfanin, ta ƙarshe ta zube." Ya karanto abin da ya rage. Lambar gidanta ce.

"Yanzu zan goge, Maman. Ba zai ƙara damunku ba."

"Ɗauke hannunka."

"Ai minti..."

"Na ce ɗauke hannunka, ɗan nema. Ka goge, wayar ta yi shiru, yarinyar nan ta ce yau ya mutu, kuma ni na je na kashe shi da bakina? Na kori dangin ubansa, na zagi ƙanena a gaban mutane, na cire wa matar mamaci baƙin kaya, duk don kai ba ka da lokacin karanta abin da ke gabanka?"

"Wallahi ban sani ba." 

"Ni ban yi boko ba, amma in na ji abu yana kira a gidana ina sauraren wanda ya ɗauka."

Jajayen fitilun suka sake ƙiftawa. Akwatin ya fara danna lamba da kansa.

Maman Ayele ta miƙe, ta damƙi hannun rigar Edem da hannun da ke juya kifi a kan wuta.

"Cire abin nan ka ɗauko shi, da igiyarsa da komai. Za ka ajiye shi a gaban Dede, ka sa ya yi kukan nan tana kallo, ka gaya mata da bakinka wanda take ta lallashi. Daga nan mu wuce Aneho, ka tsaya gaban tsofaffi ka faɗa musu dalilin da ɗana bai kwanta ba har yau. Tashi. Ni ba zan amsa laifin nan ba, kai za ka amsa."