Inda Aka Sauke Baffa Sambo

Buta, bargo, ledar magunguna, hoton ƙirji a cikin babban ambulan, gorar fura da ta fara tsami, sai sandar Baffa Sambo. Kayanmu ke nan a jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga kudu. Likita ya ce a mayar da shi gida. Ni na fassara, kuma ban rage komai ba. Baffa ya ce to, a kai shi Tambuwal, ɗakinsa, inda zai ji shigowar shanunsa da yamma. Iyakar abin da ya roƙa ke nan.

Maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Daga Fakku ya taso da shanunsa tun kafin a haife ni. An haɗa ni da su ne don na yi karatu a Indiya, wai ina jin bakin likitoci. Na ukunmu Haliru ne, ɗansa na fari. Ban taɓa jin Baffa ya kama sunansa ba. Haka al'adarsu take, ba a ambaton ɗan fari, ba a yi masa magana kai tsaye. In yana son ruwa sai ya ce da ni, "Gazali, ce ma wancan shi miƙo buta," alhali gwiwar wancan tana taɓa tasa.

Da za mu tafi ba wanda ya duba tikiti, tun shiga har sauka. Haliru ya yini yana mita, wai an ci mu a banza. Ranar dawowa na sayi nawa a waya, na tambaye shi nasu.

"Namu na hannu. Ji da naka, Ɗan Indiya."

Ya riga ni shiga da Baffa, wai don ya sama masa gefen taga.

Bayan azahar ƙofar taragonmu ta buɗe, mai duba tikiti ya shigo da na'urarsa, ɗan sanda na biye da shi. Haliru ya miƙe.

"Bari in kama ruwa."

Bai ɗauki butar ba.

Mai dubawa ya fara daga gaba. Ya duba na wasu ɗalibai. Ya zo kan wani mai farar babbar riga da na ji ɗazu yana faɗa wa na kusa da shi cewa rabonsa da sayen tikiti har ya manta.

"Ranka ya daɗe, an dawo ke nan?"

"An dawo."

Ya wuce shi. Ya tsallake layi biyu ɗungurungum, ya duba nawa, ya tsaya a kan Baffa.

"Tsoho, tikiti."

Baffa ya dubi kujerar da Haliru ya bari, ya mayar da idonsa kan taga.

Na ce, "Yana wurin ɗansa. Ya zaga."

"Tsoho, kana da ɗa a jirgin nan? Faɗi sunansa in nema a na'ura."

Baffa ya yi tari mai tsawo, ya goge baki da gefen rawani.

"Akwai wani yaron gida," ya ce.

"Sunansa nake tambaya."

Baffa ya gyara riƙon sandarsa.

Ni na faɗa. Ya danna, ya juya mini fuskar na'urar. Ba Haliru, ba Sambo. Ɗan sandan ya leƙa taragon baya ya ƙwala kiran sunan, na ji ana maimaitawa har can ciki, wasu na dariya. Ba wanda ya amsa.

Na ce wa mai dubawa ya ɗauki tikitina a madadin na Baffa, ni in sauka. Ya ce sunana ne a kai. Na ce zan biya tara. Ya rage murya.

"Da jiya ce, da mun gama. Yau manya na cikin jirgi."

"Wancan mai babbar rigar fa? Manyan ba su gan shi ba?"

"Malam, kai aka ba aikin ko ni?"

Na nuna masa ledar magani. Na zaro hoton ƙirjin na ɗaga masa a hasken taga. Ya ce shi ba likita ba ne. Wata mata ta ce a ji tsoron Allah, mijinta ya ce ta yi shiru. Mai babbar riga ya rufe ido.

"Bar shi, Gazali," in ji Baffa. "Gaskiya garai. Ba mu biya ba."

Ashe ya sani, ko ya gane tun miƙewar Haliru.

A wata ƙaramar tasha aka sauke mu, mai benci ɗaya da rumfar kwano. Na goyo shi na sauko. Bai kai nauyin buhun dusa ba. Jirgin ya ja, na bi tagoginsa da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ban ga Haliru ba.

Babu mota a garin sai ranar kasuwa. Wani mai sayar da rake ya tafi neman mai babur, ko da yake ban san yadda za a ɗora Baffa ba. Na shimfiɗa masa bargo a benci.

"Tambuwal da nisa daga nan?"

"Da nisa, Baffa."

"To." Ya dubi inda jirgin ya bi da Haliru. "Kak ka yi mai faɗa. Tsoro ya ji. Tun shina yaro haka yake."

Ya nemi ruwa, na ba shi. Ya yi kalmar shahada da kansa, ba sai da na tuna masa ba. Kafin mai rake ya dawo Baffa ya cika.

Mutanen garin sun yi abin da ya kamata. Limaminsu ya ba da likkafani, suka yi masa wanka, muka sallace shi bayan la'asar. Wajen rufewa liman ya tambaye ni sunan mamacin da na garinsu, na faɗa, ya maimaita don kada ya manta. Ana watsewa Haliru ya iso a kan babur daga tasha ta gaba, yana kuka kamar an yanka shi. Ban ce masa komai ba har Tambuwal.

A zaman makoki labari ya canja. A bakin Haliru, jikin Baffa ne ya rikice, shi ya roƙi a tsayar da jirgi, a kan cinyarsa ya cika. Mutane na cewa Allah shi yi albarka, ɗa na gari. Inna Batula, matar Baffa, ta aiko ƙanwata ta ce in na samu sarari tana son ganina.

Da safe Haliru ya tare ni a ƙofar zaurenmu.

"Inna na nemanka. Mi za ka ce mata?"

"Abin da ta tambaya."

"Kwananai sunka ƙare, Gazali. Ko da tikiti ko babu."

"Na sani. A ɗakinsa ya ce."

"Kowa haka shika yi! Ka gani da idonka, ba su dubawa. Ni anka zaɓa da rashin sa'a."

"Ba kai aka zaɓa ba. Kana makewayi."

Ya matso har ina jin warin goron bakinsa.

"Ka tafi ƙasar wasu ka dawo ba ka san sirrin maƙwabci ba. In ta ji, ba ta ƙara kallona. Shi da kanai bai faɗi sunana ba."

"Bai faɗa ba."

"To kai wa ne?"

Ta kan katanga ina jin Inna Batula tana ba 'yan maruƙa dusa, tana kiransu da sunayen da Baffa ya sa musu. Baffa ya ce kada in yi masa faɗa, kuma ban yi ba. Bai ce in yi masa ƙarya ba.

Na shiga, na tura ƙyaure, na sa sakata. Ta bayan ƙofar na ce masa, "Kana da daga yanzu zuwa la'asar ka faɗa mata da bakinka. In an sallame ban ji ba, ni zan shiga."